Gidan Gem da Huɗubar Juma'a

Kusan kowane mako sai wani saurayi ya tsaya a kaina, nan gindin darbejiyar da nake gyaran fad, ya ce, "Baba Sale, ina son buɗe gidan gem." A ganinsu aikin zaune ne. Ka samo talabijin biyu da na'ura, ka jera benci, ka miƙe ƙafa kana danna waya, yara suna shigowa. Na gaji da amsawa da baki, shi ya sa na rubuta. Karatuna bai wuce ƙaramar sakandare ba, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa ya wuce.

Na shiga sana'ar nan tun ana hura kaset da baki kafin a cusa shi a na'ura. Na yi ta har na samu shago nawa a Dutse, na kuma rasa shi. Ba gobara ce ta ci shi ba, ba ɓarayi ba. Rubuta sakamakon wasa ne ya ci shi, wato ɓangaren da ku kuke ganin ko ɗan yaye zai iya.

Aikin farko da maigidana Oga Habu ya ɗora min, fad ne guda ɗaya da maɓallinsa ya daina amsawa. Fad shi ne abin da ake riƙewa a hannu ana buga wasan da shi, ga wanda bai sani ba. Oga Habu gidan kallo gare shi a bayan tasha, ya keɓe lungu ɗaya ya sa na'urorin gem. Ya miƙo min ƙaramar sukundireba da auduga da tsohon buroshin haƙori. Na buɗe fad ɗin, na tarar da ɓawon gyaɗa da garin ƙuli-ƙuli da daskararren gumin mutane. Robar da ke ƙarƙashin maɓallin ta yage. Ya nuna min yadda ake yanko irinta daga mataccen rimot, a manna mata ɗan ƙyallen takardar azurfa ta kwalin sigari, ta koma aiki. Ina cikin haɗawa wani ɗan sifirin ya yi tsalle ya ɓace a ƙasa.

Na ce, "Oga, ya faɗi."

Ya ce, "Ai ba sama ya tashi ba. Neme shi."

Na yini ina rarrafe a ƙarƙashin benci, masu kallo suna taka min yatsu. Tun daga ranar ba na buɗe fad sai a cikin faranti.

Daga nan sai janareta. Ba kunna shi ne aikin ba, sauraronsa ne. Kafin ya mutu muryarsa tana canjawa, kuma idan ba ka ji ba ya mutu ana tsakiyar wasa, mutum biyu za su tashi kowa yana rantsuwa shi ke kan gaba. Sai zafi. A bazarar Jigawa na'ura takan yi zafin da ba ka iya aza mata hannu, dole ka ɗaga ta a kan marafan kwalba iska ta ratsa ƙasanta, ka juya mata fanka, kai ka zauna cikin gumi. Idon da ke karanta faifai idan ya gaji, wani lokaci sai ka kifa na'urar a kanta sannan ta yarda ta karanta. Babu makarantar da ake koyar da wannan.

Masu zuwa kuwa kala-kala ne. Akwai ɗan acaɓan da zai ce wasa ɗaya zai yi, rana ta faɗi babur ɗinsa yana waje. Akwai ma'aikacin sakatariya da zai cusa hularsa a aljihu kafin ya shigo. Akwai wanda duk ran da aka ci shi fad ne ba shi da kyau, duk ran da ya ci kuwa hannunsa ne. Ba wanda ke zuwa don motsa yatsu kawai. Kowa so yake a san ya ci wane. Wannan shi ne abin da muke sayarwa, ba wasan ba.

Wata rana wani mahauci da wani tela suka kaure a kan wasan da suka buga jiya. Mahaucin ya ce uku da ɗaya ya yi masa, telan ya ce canjaras suka tashi. Kafin a raba su an karya benci an fasa wa telan leɓe. Washegari Oga Habu ya sayo baƙin fenti ya shafe bango ɗaya, ya ba ni alli.

Ya ce, "Abu biyar za ka riƙa rubutawa, kullum a jere iri ɗaya. Wa ya buga, da wa, wane wasa, nawa da nawa, yaushe. Wanda ya ci a hagu."

Na ce, "In rubuta ya lallasa shi?"

Ya ce, "Ka sa lamba kawai. Kada ka sa bakinka a ciki, kai ba ɗan jarida ba ne."

Ya kuma koya min sunaye. Idan ƙani ya ci yayansa, ba ka rubuta sunan yayan tsirara ba, ko da shida da nema aka yi masa. Yaya Wane za ka sa, ko Malam Wane, ko Oga. An ci shi a wasa, ba a cire masa girma ba. Yaushe kuwa, rana ce kawai, sai ka ƙara safe ko yamma. Ba wanda ya taɓa tambayar ƙarfe nawa. Faɗa ya ragu ƙwarai bayan allon nan, ni kuma na zama mai rubuta ci kafin in zama komai.

Da na tashi buɗe nawa, na sha yawo a unguwannin Dutse. Da mai shago ya ji kalmar gem sai ya ce an riga an kama. Wanda ya ba ni a ƙarshe shi ne wanda ban zata ba, Malam Babba. Gidansu gidan malamai ne, asalinsu daga wajen Miga, yana da Islamiyya a bayan gida da shago ɗaya a jikin katangarsa. Ya kira mai unguwa ya zama shaida, muka zauna a zaurensa.

Ya ce, "Yaran nan ko na hana ka za su je wani wuri, gara inda idona yake. Ba caca, ba ɗan makaranta da kayan makaranta. Da an kira salla ka kashe, ka fitar da kowa, ka sa kwaɗo a waje. Ranar Juma'a tun kafin a fara tafiya masallaci har a sauko."

Na ce, "Allah gafarta Malam, na ɗauka."

Ya ce, "Ran da aka buga wasa a shagon nan lokacin salla, ba sai na kore ka ba. Mukullin zai dawo hannuna."

A kan wannan maganar shagon ya tsaya, ba a kan takarda ba. Kuma na riƙe ta shekara da shekaru. Ku da kuke ganin sauƙi, ku gwada kashe talabijin saura kaɗan a tashi wasa, mutum yana kan gaba da ci ɗaya, don ladan ya taɓa lasifika. An zage ni, an ce na fi liman tsoron Allah, wasu sun daina zuwa. Ban taɓa cewa a ƙarasa ba.

Da wayoyi suka yawaita sai allo ya daina isa. Wanda ya ci yana son abokinsa da ke Kano ya gani. Na buɗe musu guruf a waya, na koma rubuta kowane wasa da babban yatsa, a jeren da Oga Habu ya koya min. Ran da aka cika, yatsana har kumbura yake, kuma duk ƙarshen mako sai na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya in haɗa wa ke kan gaba. In na tsallake guda, an dinga min waya ke nan.

Nazifi ne ya raba ni da wannan wahalar. Ɗalibin kwamfuta ne a jami'a, yana zuwa buga ƙwallo, bai iya ba, amma yana da haƙurin a ci shi. Wata rana ya leƙa wayata ya ce, "Oga, abin nan da kake yi ai ka riga ka tsara shi. Na'ura ba ta jin labari, amma in ka ba ta kowane abu a gurbinsa za ta haɗa maka lissafin, ta kuma aika da kanta."

Ya kawo tsohuwar kwamfutarsa ya rubuta manhaja a kai. Gurbi biyar, daidai da na allo. Ka zaɓi suna, ka zaɓi abokin karawa, ka sa wasa, ka sa ci, ka danna. Sai ta haɗa ɗan kati mai kyau da sunayen da lambobin, ta aika shafin shago a dandalin sada zumunta, ta kuma liƙa shi a shafin kowane ɗan wasa. Teburin gasa yana gyara kansa.

Mun yi gardama a kan gurabun nan sosai. Farkon katin da ya fito, sunan wani magidanci ne tsirara a ƙarƙashin na yaron shagonsa. Na ce wa Nazifi ya sauke shi kafin mutumin ya gani.

Ya ce, "Oga, suna ai suna ne."

Na ce, "Babanka ma suna gare shi. Kira shi mu ji."

Ya yi dariya ya ƙara gurbin Malam da Yaya da Alhaji. Na ce ina za a sa wasan da wuta ta katse, ya ƙara. Na ce ina za a sa wanda ya ga ana cin sa ya ajiye fad ya ce ana kiransa a gida, ya ƙara wannan ma, yaran suka sa masa suna gurbin matsorata. Yaro ne mai jin magana, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Gurbin yaushe kuwa kwanan wata kawai muka sa masa, ko safe da yamman zamanin alli ba mu ƙara ba. Shi dandalin yana buga nasa lokacin a saman kowane kati, lokacin da katin ya iso masa. Ni da Nazifi ba wanda ya tsaya a kan wannan.

Shagon ya yi suna a lokacin. Samari suna tasowa daga Taura da Garki ranar gasa don sunansu ya hau teburin nan. Amma akwai bambancin da ban auna ba. Allon bango sai wanda ya shigo yake gani, kuma wanda ya shigo ya san yadda abin yake. Shafi kuwa kowa yana gani, har iyaye da kawunnai da matan aure a cikin gida.

Matsalarmu ɗaya ita ce sabis. Unguwar tana bayan duwatsu, kuma da rana, lokacin da kowa ke kan waya, ko gaisuwa ka aika sai ta yi ta juyi. Katuna suka riƙa maƙalewa. Nazifi ya gyara manhajar yadda in babu sabis katunan za su yi layi su jira, da hanya ta buɗe su tafi da kansu. Muka rataye 'yar na'urar sabis a ƙusa jikin taga, kwamfutar kuma tana da batir, ko na kashe komai na kulle ita tana nan a kunne. Na ji daɗin wannan gyaran. Ban tambayi kaina yaushe ne hanya take buɗewa ba. Ashe lokacin da mutanen unguwa suke ajiye waya gaba ɗaya ne, wato in an tada salla. Ranar Juma'a kuwa, da maza suka tattara suka tafi masallaci, sai sabis ya zama kamar titi ranar da ba kasuwa. Duk wasannin safe sai su zubo a lokacin.

Wannan ya faɗo a shekarar da man fetur ya tashi. Janareta ya koma cin abin da shagon yake samu, masu zuwa suka ragu don su ma aljihunsu ya bushe, na'ura ɗaya ta ƙone ran da aka kawo wuta da ƙarfi. Na sayar da babur ɗina na sa sola. Ban da shagon nan ba ni da komai a lokacin, ko akuya.

Cikin masu zuwa akwai Malam Habibu, ɗan ƙanen Malam Babba, matashi, yana koyar da tajwidi a Islamiyyar. Alhamis da Juma'a ba karatu, don haka ranar Juma'a da hantsi yakan shigo ya buga ƙwallo biyu ko uku, sannan ya hau babur ya tafi Miga ya gaida mahaifiyarsa, ya yi Juma'a a can. Ba a ɓoye yake yi ba. Malam Babba ya sani, ba ya so, amma bai hana ba.

Wadda ta fara lura wata mata ce da 'ya'yanta suke ajinsa. Tana gida ranar Juma'a, tana jin huɗuba ta lasifika, tana duba waya, sai ga kati ya faɗo: Malam Habibu uku, wane ɗaya, a samansa an rubuta yanzu. Ta ɗauki hoton fuskar wayar har da agogon, ta tura guruf ɗin iyayen yara. Kafin magariba wasu sun bi shafin baya. Suka ga kowace Juma'a haka ne, suka ga azahar, suka ga la'asar. Magana ta tashi cewa Sale yana sa kwaɗo a waje ne don idon mutane, ya bar su a ciki suna bugawa. Aka ce ashe Migar da Malam Habibu yake zuwa a bayan ƙofata take. Iyaye suka fara cire yara daga ajinsa.

Malam Babba ya aiko a kira ni. Na tafi da Nazifi da kwamfutarsa. Mai unguwa yana zaune, Malam Habibu yana rakuɓe a bakin ƙofa kansa a ƙasa.

Mai unguwa ya miƙo min wayarsa ya ce, "Sale, karanta min wannan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da hantsi aka buga shi. Fitowa ce ya yi a makare."

Nazifi ya durƙusa ya buɗe kwamfutar, ya nuna musu cewa a cikinta kowane wasa yana da lokacin da aka shigar da shi, ko da yake ba ya fitowa a kati, kuma duk kafin salla ne. Ya yi bayanin layi da sabis a hankali, yadda tsoho zai gane. Mai unguwa ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Yaro, agogon cikin akwatin nan naka, wa yake saita shi?"

Nazifi ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Na wayar matar nan fa?"

Nazifi ya rufe kwamfutar.

Malam Habibu ya ce, "Baba, mutanen Miga sun gan ni a sahu."

Malam Babba ya ce, "'Yan'uwanka ne. Wa zai karɓa?"

Nan Nazifi ya kawo shawarar da ni ma na ga ta yi. Ya ce a gwada. Juma'a mai zuwa a buga wasanni da safe a gaban mai unguwa, ya duba shagon da kansa, ya sa nasa kwaɗon, ya tafi masallaci da mukullin a aljihu. In katuna suka fito ana huɗuba alhali ba kowa a ciki, magana ta ƙare.

Mai unguwa ya ce, "In sun fito, ni da bakina zan tsaya a ƙofar masallaci in wanke ku. In ba su fito ba, mukulli ya koma wajen Malam."

Malam Babba ya dube ni ya ce, "Sale, ka yarda?"

Na ce, "Na yarda, Allah gafarta Malam." Abin da yake faruwa kowane mako ne, ban ga abin tsoro ba.

Malam ya ce maganar ta tsaya a zauren. Kafin Alhamis har masu shayi sun sani.

Ranar Juma'a da hantsi mai unguwa ya zo da babbar rigarsa ya zauna a bencin gaba. Bai taɓa shiga gidan gem ba. Samari biyu suka buga, yana kallo.

Ya ce wa ɗaya, "Kai ne mai jar rigar?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To me ya sa kake gudu baya? Ragar ba can take ba?"

Aka yi dariya, har ni. Aka buga wasanni da dama, na shigar da kowanne a gabansa, Nazifi ya nuna masa katunan sun yi layi, sabis ba ya motsi kamar kullum. Mai unguwa ya leƙa ƙarƙashin benci, ya leƙa bayan talabijin, ya girgiza ƙarfen taga. Muka fito, ya zaro sabon kwaɗo ya datse, ya jefa mukullin a aljihun gaba.

Ban samu ciki ba, a harabar masallaci na shimfiɗa sallayata, Nazifi a gefena. Liman ya hau mumbari. Na ɗaga kai na duba sahun da ke gabana, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Waya a ƙarƙashin hannun riga, waya a cikin hula, waya a tsakanin cinyoyi. Samari da magidanta, har waɗanda ba su taɓa sanin shafin ba sai makon nan, kowa yana jan fuskar waya ƙasa da yatsa yana jira. A cikin gidaje kuma mata suna yin haka. Mutanen da suka taru su kama mai buga wasa lokacin huɗuba, da wuya in akwai wanda zai iya faɗa maka a kan me liman ya yi huɗubar ranar. Nazifi bai yi magana ba, ana huɗuba. Ya dai karkato min wayarsa na ga shafin yana ta juyi, ya ƙi buɗewa.

Aka gama huɗuba ta farko, aka gama ta biyu, aka tada salla, aka sallame. Ko kati ɗaya bai fito ba.

Muka dawo ƙofar shago, jama'a a bayanmu. Malam Babba ya fito daga gida ya tsaya. Mai unguwa ya taɓa kwaɗon ya nuna wa mutane yana nan yadda ya bar shi.

Ya ce, "To, kun gani. Yau da aka kulle da gaske, babu abin da ya fito."

Nazifi ya ce, "Ranka ya daɗe, yau kowa ne ya hau sabis ɗin, shi ya sa hanyar ba ta buɗe ba."

Mai unguwa ya ce, "Wancan makon ka ce sabis ne ya sa suka fito. Yau ka ce sabis ne ya hana su fitowa. Yaro, wanne zan kai wa mutane?"

Wani daga baya ya ce a sake gwadawa wani makon. Wani ya ce sai a yi ta gwaji har tashin ƙiyama. Mai unguwa ya zaro mukullinsa, ya miƙa min hannu na ba shi nawa, ya haɗa ya ba Malam Babba.

Malam ya daɗe yana duban su a tafin hannunsa. Ya ce, "Sale, ni da idona ban taɓa ganin ka saɓa ba. Amma a gaban mutane aka ɗaura sharaɗin nan, kuma kai ka ce ka yarda."

Na ce, "Haka ne."

Ya ce, "Ka samo mai kurar ɗaukar kaya. Zan buɗe maka ka kwashe a hankali."

Daga baya Nazifi ya gyara manhajar. Yanzu katin yana ɗauke da lokacin da aka buga wasan da manyan baƙaƙe, kuma ba ya fita in lokacin salla ya shiga. Ya ce min gyaran bai ɗauke shi tsawon shan shayi ba. Gidajen gem da dama a garin nan da ita suke aiki yau, wasunku ma da ita za ku fara, ba ku san a kan wa aka gano gurbin da ya ɓace ba. Malam Habibu bai koma aji ba, yana Miga yana noma. Ni kuma duk mai shagon da na je wa a Dutse ya riga ya ji labarin, kuma ba irin wanda na rubuta nan ya ji ba. Na sayar da na'urorin ɗaya bayan ɗaya, na riƙe sukundireba da faranti.

Amma a ranar gwajin dai, da yamma ta fara yi, Malam ya buɗe min da hannunsa ya koma ciki. Jama'a sun watse, kowa ya gaji da kallon waya ya tafi neman abinci. Ni da mai kura muka fito da benci, muka fito da batiran sola, muka naɗe talabijin ɗin da bargo muka aza. Kwamfutar tana kan tebur a kunne da katunan safe a cikinta, na bar ta sai ƙarshe don ta Nazifi ce. Ƙofa a buɗe, ni a tsaye a bakinta kowa yana gani, ladan ya kira la'asar.

Wayar mai kurar ta yi ƙara a aljihunsa, ta sake yi, ta sake yi. Ya saki igiyar da yake ɗaure kayan da ita, ya zaro wayar ya duba.

Ya ce, "Oga, ana kiran salla ka sa sakamako."

Na ce, "Ja igiyar, talabijin ɗin zai zame."